Gajimaren gyara ya cika mini zane: in goge tsofaffin ko in bar su?

Tambaya: "Ina aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine. Da manhajar zane ta AutoCAD muke aiki, kwanan nan muka fara taɓa ta Revit. Muna da wani gidan bene da mai shi ya sauya ra'ayi har sau huɗu, kuma duk sauyin da aka yi nakan zagaye wurin da gajimaren gyara, wato layin nan mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar gajimare da ke nuna inda aka sauya. Yanzu fulan ɗin ƙasa ya cika da gajimare har ba a gane bango, kuma duk da haka birkila ya gina tagar kicin a kan tsohon awo, milimita 1200 maimakon 1500. In goge tsofaffin ne? A Model ya kamata in zana su ko a Layout? Kuma lamba ta fi ko harafi?"

Amsa: Tsofaffin gajimaren su fita daga fuskar takarda, amma kada ka goge tarihinsu. Aikin gajimare guda ɗaya ne: ya nuna wa mai karatu abin da ya bambanta tsakanin takardar da ke hannunsa da wadda ka miƙo masa yau. Idan gyaran watan jiya da na shekaranjiya da na yau duk suna zagaye a wuri ɗaya, foman ba zai san wanne ne sabo ba, kuma mutumin da ke tsaye cikin rana da ma'aikata ashirin suna jiransa ba zai tsaya tantancewa ba. Saboda haka a kowace fitarwa, gajimaren gyara na ƙarshe kaɗai ke bayyana. Tsofaffin gyare-gyare suna zama a jadawalin da ke akwatin bayanai na gefen takarda, kowanne da layinsa. Wasu ofisoshi kan bar 'yar alwatikar da ke ɗauke da lambar tsohon gyara a wurinta bayan an ɓoye gajimarensa, don a san an taɓa taɓa wurin. Ina tare da su, muddin takardar ba ta cushe ba.

Kafin mu shiga kwamfuta, akwai abu biyu da nake zargin kana haɗawa, domin hawa huɗu na gajimare a takarda ɗaya yawanci daga nan yake fitowa. Akwai jan biro na cikin gida: oga ya duba zanenka, ya zagaye wuri, ya rubuta "matsar da wannan ƙofa", ka gyara, ka shafa wa umarnin launin ɗorawa alamar an yi. Wannan magana ce tsakaninka da shi, ba ta da lamba, ba ta fita ofis. Sannan akwai gyaran da aka fitar, wato sauyin da aka yi wa takardar da ta riga ta je hannun wani: mai gida, injiniya, ɗan kwangila, ko hukumar tsara birni. Lambar gyara ba ta hawa sai ranar da takarda za ta sake fita. In mai gida ya kira ka sau uku cikin mako guda yana sauya abu, kuma ba ka aika wa kowa komai ba a tsakani, wannan gyara ɗaya ne mai wurare uku, dukkansu da lamba ɗaya.

To, a AutoCAD. Abu na farko, kowane gyara da leyarsa, wato shimfiɗar zane da ake iya nunawa ko ɓoyewa ita kaɗai. Ka buɗe leya ta gajimaren gyara na 1, wata ta na 2, haka har gaba, sannan alwatikan su zauna a wata leya dabam. Ranar fitar da gyara na 4 sai ka daskarar da leyoyin 1 zuwa 3, wato ka ɓoye su. Ba ka goge komai ba, kuma ranar da rigima ta tashi a kan yaushe aka matsar da matakala, danna ɗaya zai dawo maka da su. Jan biron cikin gida kuma ka ba shi leyar da aka hana bugawa, don kada "oga, wannan awon daidai ne?" ya fito a takardar da za a kai wa mai gida.

Batun Model (filin da ake zana ginin da ainihin awonsa) ko Layout (shafin da ake tsara takardar da za a buga), mutane na gardama a kansa, ni kuwa Layout nake zaɓa, kuma ga dalili. Gyara na takarda ne. Fulan ɗin ƙasa guda ɗaya zai iya fitowa a takarda uku: babban fulan a sikelin 1:100, fulan ɗin tayil, da faɗaɗɗen zanen kicin a 1:20. In ka zana gajimaren a Model, zai bayyana a duk ukun, har da takardar da ba ka yi niyyar sake fitarwa ba, wadda jadawalinta bai san da gyaran ba. Ga kuma matsalar girma. Kana son kowane lanƙwasa na gajimaren ya fito kamar milimita 10 a takarda. A Model, in da milimita kake zane, wannan na nufin 1000 a sikelin 1:100, 500 a 1:50, 200 a 1:20. Gajimaren da ya yi kyau a babban fulan zai zama ƙato ya haɗiye rabin kicin a faɗaɗɗen zane. A Layout kuwa 10 ɗin nan 10 ce a ko'ina. Dalili na uku, in injiniyan gini ko na lantarki ya ɗora fulan ɗinka ƙarƙashin nasa ta hanyar Xref, gajimarenka zai bi shi har cikin takardunsa da lambobin da ba nasa ba.

Layout ma da aibinsa: gajimaren ba ya manne da bango. Wani ya shiga tagar kallo, wato akwatin da ke nuna zanen Model a cikin Layout, ya ɗan ja zanen gefe, sai ka tarar gajimaren kicin yana zagaye da banɗaki. Maganinsa ka kulle kowace tagar kallo da zarar ka daidaita sikelinta. In kuma tsarin ofishinku Model ne, ba laifi ba ne, sai dai dole ka riƙa daskarar da leyar a kowace tagar kallon da gyaran bai shafa ba.

Umarnin zana gajimare a AutoCAD shi ne REVCLOUD. Tun daga AutoCAD 2016 yana ba ka zaɓin murabba'i, mai kusurwoyi da yawa, ko zanen hannu, kuma kana iya jan kusurwarsa ka faɗaɗa ba tare da sake zanawa ba. Ka bar zanen hannu, ba ya fita da tsabta. Kana iya mai da layin da ka riga ka zana ya zama gajimare, a nan ne zai tambaye ka ko ya juya lanƙwasan ciki. Kada ka amsa da ka, domin a wasu ofisoshi juyayyen gajimare yana nufin "a dakata, ba a yanke hukunci a wurin nan ba", kuma in haka kake nufi to ka rubuta kalmar a gefensa.

Kada ka dogara da jan launi. Takardar da ka tsara a A1 mai launi, a shagon firintin na bakin titi za a buga ta a A3 baƙi da fari. A1 zuwa A3 rabi ne daidai, wato 1:100 ya koma 1:200, rubutun milimita 2.5 ya koma ɗan ƙwaya. Abin da zai sa gajimare ya fito a wannan hali shi ne kaurin layi, kamar 0.5 ko 0.7, ya fi na awo da na kayan ɗaki kauri. Kafin ka aika, ka buga guda a A3 ka ajiye a tebur, ka ja da baya taku biyu. In idonka bai faɗa kan gyaran nan take ba, na foman ma ba zai faɗa ba.

Yanzu mu ɗauki tagar kicin ɗin nan taka mu bi ta, domin a nan yawancin matasa ke tsayawa rabin hanya. Ka faɗaɗa taga daga 1200 zuwa 1500. A fulan, gajimaren ya zagaye tagar da alamarta da awonta, har da awon bangon da ke gefenta, tunda milimita 300 ɗin nan daga jikinsa aka cire su. Kada ya zagaye kicin ɗin gaba ɗaya, in ba haka ba ka bar mutum da neman abin da ya canza tsakanin sink da kabad da ƙofa. Daga nan sai zanen fuskar gidan ta wannan ɓangare, shi ma tagar ta canza, shi ma yana son gajimarensa da sabon layi a jadawalinsa. Sai jadawalin tagogi: in tagar nan a da W3 ce tare da wasu huɗu masu faɗin 1200, yanzu ta fita daga cikinsu, adadin W3 ya ragu zuwa huɗu, ita kuma ta sami sabuwar lamba. In ba ka yi wannan ba, mai alminiyam zai yanko biyar iri ɗaya. Sai linta: faɗin buɗi ya ƙaru, injiniya ne zai ce ko rodin da ya sa ya isa, kuma in akwai fila kusa da wurin sai an tabbatar tagar ba ta ci ta ba. In akwai soket ko bututun ruwa a wannan ɗan bangon, zanen lantarki da na famfo sun shigo ciki. Taga ɗaya, takarda huɗu ko biyar. Idan aka matsar da banɗakin sama kuwa, abin ya fi haka nisa, domin ramukan bututu a dekin sai an san wurinsu kafin a zuba kankare.

Layin da za ka rubuta a jadawali shi ma aiki ne. "General revision" ko "As per client's request" ba su gaya wa kowa komai ba. Bayan wata takwas kai kanka ba za ka tuna ba. Ka rubuta abin da ya canza, daga me zuwa me, a ina: tagar kicin, layin girid kaza, faɗi daga 1200 zuwa 1500, an sake mata lamba. Sai kwanan wata, da haruffan sunan wanda ya zana da na wanda ya duba. In abu aka cire gaba ɗaya, misali ƙofar sito, ka zagaye wurin da take a da, ka rubuta a gefe cewa an cire ta. Gajimare a kan bango lafiyayye ba tare da bayani ba, ruɗa mutane yake yi.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonka ka guje mata: a danna awo sau biyu a goge 1200 a rubuta 1500 da hannu, a bar layukan yadda suke. Takardar za ta yi kamar an gyara, amma duk wanda ya karɓi fayil ɗin ya auna zai sami tsohon faɗi, jimillar awon bangon kuma ba za ta tashi daidai ba. In ka gaji zane daga wani kana shakkar an yi masa haka, DIMREASSOC na cikin Express Tools yana mayar da awon da aka rubuta da hannu zuwa ainihin abin da aka zana. Revit ma ƙin yarda yake yi ka maye gurbin awo da tsurar lamba, kuma daidai ya yi.

Lamba ko harafi, wannan bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen aikin. Masu harafi sukan tsallake I da O don kada su yi kama da 1 da 0, ƙa'idar Amurka ta ASME Y14.35 ma har Q da S da X da Z take tsallakewa. Abokan aikinmu na Nijar da ke bin tsarin Faransa za ka ga "Indice A", "Indice B" a akwatin bayanansu. Wanda na fi so shi ne tsarin Birtaniya da ke tafe da ISO 19650: P01, P02 ga zanen da ake kan tattaunawa, C01, C02 ga wanda aka amince a yi aiki da shi. Amfaninsa a fili yake, ko yaron da aka aika karɓo takarda za a iya gaya masa cewa duk wadda lambarta ba ta fara da C ba, ba ta gini ba ce.

A Revit an gina duk wannan cikin manhajar, sai dai yana da tarkonsa. Za ka buɗe gyara a akwatin Sheet Issues/Revisions, ka ba shi kwanan wata da bayani, kowane gajimaren da ka zana ka danganta shi da wannan gyara, jadawalin takardar kuma ya cika kansa. A nan ba a goge tsohon gajimare, domin in ka goge na ƙarshe a takarda, layin gyaran zai ɓace daga jadawalinta. A ginshiƙin Show za ka mai da tsohon gyara daga Cloud and Tag zuwa Tag, ko None. Ranar fitarwa ka danna Issued, daga nan ba za a iya ƙara wa wannan gyara gajimare ko sauya shi ba. In kana son gyara ya hau jadawalin wata takarda ba tare da gajimare ba, kamar ranar da aka fitar da dukkan takardu don neman farashi, Revisions on Sheet ne wurin. Tun farkon aiki kuma ka yanke shawara tsakanin Per Project da Per Sheet. A na farko takarda kan yi tsalle daga gyara na 1 zuwa na 4, foman ya kira ka yana neman 2 da 3 da ba su taɓa shafarta ba. A na biyu kowace takarda tana ƙirga nata a jere. Ga gida irin naku na biyun ya fi sauƙin bayani.

Babban tarkon shi ne wannan: a Revit in ka faɗaɗa tagar a fulan, za ta faɗaɗa da kanta a zanen fuska da na yanka da jadawali, amma gajimaren ba zai bi ta can ba. Takardu uku sun canza shiru, lambarsu na nan yadda take. Don haka kafin kowace fitarwa ka gwada sabo da tsoho. AutoCAD yana da DWG Compare tun 2019, yana nuna abin da ke wannan kaɗai da launi ɗaya, na wancan da wani, abin da suka yi tarayya a kai da ruwan toka. Ga PDF kuwa Bluebeam Revu yana ɗora shafi kan shafi ya nuna bambancin. Waɗannan na kama abin da ka manta ne. Kada ka ɗauki gajimaren da suka zana da kansu ka fitar, domin ba su san bambancin rubutun da aka ɗan matsar da filar da aka cire ba.

Shi ya sa gurbin "wanda ya duba" a jadawali yake da nauyi. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, asalin zane ya nuna sandar ƙarfe ɗaya doguwa tana riƙe da gadojin tafiya biyu, ta hawa na huɗu da ta hawa na biyu. A zanen masu ƙera ƙarfen aka mai da ita sanda biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗin ta saman ya ninka. Zanen ya wuce ta ofishin injiniyoyin da hatiminsu. Ranar 17 ga Yuli 1981 gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu. A takarda sauyin ɗan ƙarami ne. Duk gyaran da ya taɓa fila, bim, dekin ko tsayin buɗi, kada ya fita sai injiniya ya gani ya sa hannu.

Mu koma ga birkilanka. Kusan na tabbata bai taɓa ganin gajimaren ba. Takardar da ke aljihunsa, wadda ta sha siminti ta yi laushi, ita ce ta farko, sabuwar kuma tana cikin wayar foman a tsakiyar saƙonni ɗari na WhatsApp. Gyara bai kammala ba sai tsohuwar takarda ta bar wurin aiki. Ka aika PDF, kuma a matsayin fayil, domin hoto WhatsApp matse shi yake yi har awo ya dushe. Sunan fayil ya ɗauki lambar takarda da lambar gyara, ka daina "final" da "final final". Ka riƙe rajista mai shafi ɗaya da ke nuna kowace takarda, gyaran da take kai, da wanda aka ba da ranar da aka ba shi, ka haɗa ta da kowace aikawa. Sannan a ziyarar gaba ka tafi da bugaggun sababbi, ka karɓi tsofaffin hannu da hannu, ka ja musu layi ka rubuta an soke. Ka ajiye kwafi ɗaya na kowacce a ofis, PDF ɗin da aka fitar kuma kada a sake rubuta wani a kansa.

Wannan rajista ita ce za ta cece ka ranar lissafi. Duk sauyin da aka yi bayan an sa hannu a kwangila kuɗi ne, ko ƙari ko ragi, kuma kwantiti sabeya, mai lissafin kuɗin gini, da gajimaren nan da kwanan watan nan zai auna shi. Mai gidan da ya sauya ra'ayi sau huɗu shi ne zai fara tambayar dalilin da ya sa kuɗi ya hau. Ka kuma tuna cewa akwai kwafin da ke hannun hukuma. In sauyin ya taɓa girman ginin, yawan hawa, tazararsa da titi ko abin da za a yi da shi, magana ta koma hukumar tsara birni, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine a Abuja, kafin a ɗora bulo.

Ita kuma tagar da aka riga aka gina, abu biyu ne. In rajista ta nuna an ba ɗan kwangila gyaran kafin ya ɗora bulon, fasawa da sake linta a wuyansa suke. In ba ka da shaidar ka ba shi, ku zauna da mai gida. In ya ce a bar ta a 1200, to zanenka ne yanzu bai dace da ginin ba, kuma wannan gyara na 5 ne: ka mayar da faɗin, ka zagaye shi a fulan da zanen fuska da jadawalin tagogi, ka rubuta cewa an mayar da shi yadda aka gina. Kafin ka zauna yin wannan, ka kira mai alminiyam ka ji wane awo ne a hannunsa.